Daga Samaru zuwa Khartum: Yadda Kocin Ƙwallon Kwando Ya Zama Ƙofar Karatu da Aiki

A watan Disamba na 1891 wani malamin motsa jiki ɗan Kanada, James Naismith, ya kafa kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a zauren makarantarsu da ke Springfield a Amurka, don ɗalibansa su sami abin yi lokacin da sanyi ya hana su fita. Nan ƙwallon kwando ta samo asali. A makaranta aka haife ta, malami kuma ya yanke mata cibiya, kuma wannan asalin bai sake ta ba har yau. Yaron da ya iya ƙwallon ƙafa yakan tashi daga fegen unguwa ya faɗa kulob ba tare da ya taka ƙofar aji ba. A ƙwallon kwando ta Amurka kuwa, hanyar ta cikin sakandare da jami'a ta ratsa. Shekaru da dama kowace babbar jami'a ta kasance tana da guraben karatu kyauta guda 13 na 'yan wasanta maza, kuma koci ne ke cewa ga wanda za a ba. Kuɗin makaranta, ɗakin kwana, abinci da littattafai, duk suna rataye a bakin mutum ɗaya. Irin wannan iko yakan gyara rayuwa, yakan kuma ɓata ta. Tarihin yadda ya iso ƙasar Hausa da Sudan ya nuna fuskokin nan biyu.

Waɗanda suka kafa ma'auni

Mutum biyu ne ake fara ambata idan ana maganar kocin da ya ɗauki ɗan wasa a matsayin amana. Na farko Dean Smith, wanda ya riƙe ƙungiyar Jami'ar North Carolina daga 1961 zuwa 1997. Fiye da kashi 96 cikin ɗari na 'yan wasansa sun fita da digiri. Shi ne ya kawo Charlie Scott, baƙar fata na farko da jami'ar ta ba gurbin karatu na wasa, a zamanin da wariyar launin fata ke da ƙarfi a kudancin Amurka. An san shi da bin diddigin tsofaffin yaransa, taurari da 'yan benci, yana rubuta musu wasiƙar shaida, yana buga waya inda ake neman ma'aikaci. Da bakinsa mataimakinsa Roy Williams ya sami aikin koci a Jami'ar Kansas a 1988. Da ya rasu a 2015, sai aka tarar ya bar wasiyyar a aika wa kowane tsohon ɗan wasansa dala 200, ya je ya ci abinci.

Na biyu John Thompson na Jami'ar Georgetown da ke Washington, daga 1972 zuwa 1999. A ofishinsa akwai wata ƙwallo da aka sace wa iska, ya ajiye ta inda duk yaron da ya shigo zai gani, don ya san wata rana iskar wasa za ta fita, a bar shi da abin da ke cikin kansa. A 1984 ya zama baƙar fata na farko da ya ci kofin manyan jami'o'in Amurka a matsayin koci. A 1989 ya fice daga fili kafin a fara wasa, don nuna fushinsa ga wata doka da ya ga za ta toshe wa 'ya'yan talakawa hanyar tallafin karatu. A hannunsa Dikembe Mutombo ya tashi, ɗan Kinshasa da ya je Georgetown a 1987 da niyyar karatun likita. Mutombo ya gama digirinsa a 1991, ya yi suna a gasar ƙwararru ta NBA, daga baya ya gina asibiti a Kinshasa da sunan mahaifiyarsa, aka buɗe shi a 2007.

Baƙon da ya zama ɗan gari

A ƙasar Hausa, labarin ya sauka ne a Samaru ta Zariya. A nan aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta tara malamai da ma'aikata daga ko'ina a Najeriya da wajenta, 'ya'yansu suna tashi a cikin harabar, ga filaye na siminti a buɗe. Cikin baƙin da suka zo akwai wani Ba'amurke, Oliver B. Johnson, wanda duk mai ƙwallon kwando a Najeriya ya fi sani da Koci OBJ. Ya zo, ya zauna, shekaru suka yi ta juyawa bai koma ba. Bai tsaya ga ƙungiyar jami'a kaɗai ba. Ya buɗe filin ga ƙananan yara, yana koya musu tun daga riƙon ƙwallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a wannan wasa yaron da bai koyi taku da jifa da wuri ba, tsawonsa ba zai cece shi ba.

Abin da ya sa zamansa ya yi tasiri shi ne ya san gidajen biyu. Ya san abin da kocin Amurka ke nema, ya san takardun da makarantunsu ke tambaya, ya kuma san yaron da ke gabansa, da iyayensa, da halinsa. A zamanin da babu intanet, babu bidiyo a waya, kocin da ke Dakota ko Texas ba shi da yadda zai ga yaron Zariya sai ta idon wanda ya yarda da shi. Wasiƙa ɗaya daga amintacce ita ce jari. Ta wannan hanya 'yan Najeriya da yawa suka sami makarantu a Amurka, wasu kuma suka yi karatunsu a Zariya suka zama koci, malamai da jami'an wasanni a jihohi.

A tsakiyar wannan zamani ne aka yi abin da ya juyo da idon Amurka gaba ɗaya. Wani dogon ɗalibi daga Kwalejin Malamai ta Musulmi da ke Legas, mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa kuma ɗan ƙwallon hannu, ya zo Sakkwato gasar makarantun horon malamai, a can ya buga gasar ƙwallon kwando ta farko a rayuwarsa. Shi ne Hakeem Olajuwon. A 1980 wani koci Ba'amurke, Christopher Pond, ya gan shi yana wasa, ya haɗa shi da Guy Lewis na Jami'ar Houston. Ya sauka filin jirgin Houston bai tarar da kowa ba, tasi ya hau zuwa jami'a. Bayan shekara huɗu, a wasan ƙarshe na 1984, shi ne ya tsaya gaban Georgetown ta John Thompson, aka ci su 84 da 75. A shekarar aka ɗauke shi na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, ya ci kofi a 1994 da 1995, yana wasa da azumi a bakinsa in Ramadan ya kama. Daga nan kowane koci a Amurka ya fara mafarkin samun nasa dogon daga Afirka. Nan alherin ya ƙaru, nan kuma ɓarnar ta soma.

Abin da ya faru a Khartum

Sudan ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. A gasar Afirka ta farko da aka yi a Alƙahira a 1962, ita ta zo ta biyu. A 1982 wani kocin jami'a daga Amurka, Don Feeley, ya zo Khartum ba da horo na ɗan lokaci, ya ga wani saurayi Badinke, makiyayin shanu daga Turalei, mai tsawon mita 2 da santimita 31. Sunansa Manute Bol. Feeley ya shawo kansa ya tafi Amurka, ya kai shi Cleveland wajen Kevin Mackey, kocin Jami'ar Jihar Cleveland.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Bol bai yi makaranta ba, ba ya jin Turanci, ba shi da takardar haihuwa. Mackey da kansa ya faɗa daga baya cewa shi ya ƙirƙira masa ranar haihuwa. Aka sa shi ajin koyon Turanci, amma bai kai matakin shiga jami'ar ba, bai taɓa buga mata wasa ba. Daga bisani hukumar wasannin jami'o'i ta hukunta makarantar saboda kuɗin da aka kashe wa Bol da wasu 'yan Afirka biyu ba bisa ƙa'ida ba. Ya yi shekara ɗaya a Jami'ar Bridgeport, 1984 zuwa 1985, sannan ƙungiyar Washington ta ɗauke shi. Ya yi suna wajen tare ƙwallo, ya sami kuɗi, ya zuba mafi yawansu a kan mutanensa da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita. A ƙarshen rayuwarsa, kafin ya rasu a 2010, abin da ya sa a gaba shi ne gina makarantu a Turalei. Mutumin da aka kai jami'a don tsawonsa, ba don karatunsa ba, ya fi kowa sanin abin da aka tsallake masa.

Idan aka jera Samaru da Khartum, bambancin a bayyane yake. A Samaru koci ya zauna, ya reni yara a cikin makaranta, in hanyar waje ta buɗe sai yaro ya tafi da takardunsa a hannu, in ba ta buɗe ba yana nan da karatunsa. A Khartum koci ya zo, ya ga abin mamaki, ya ɗauka ya tafi. Ba lallai a ce da mugun nufi ya yi ba, kuma Bol ya ci riba. Amma irin wannan ɗauka ita ta zama sana'a a hannun dillalai a shekarun da suka biyo baya: a rage wa yaro shekaru a fasfo, a karɓi kuɗin iyaye da sunan biza, a kai shi wata makarantar je-ka-na-yi-ka, in ya ji rauni ko ya ƙi ƙara tsawo a yasar da shi a ƙasar da ba shi da kowa. Lissafin kansa ya isa gargaɗi. Ƙungiyoyin NBA 30 ne, kuma sababbin da ake zaɓa a shekara ba su wuce 60 daga duniya baki ɗaya. Duk wanda ya yi wa iyaye alkawarin NBA, tatsuniya yake musu. Wanda ya yi alkawarin digiri, shi ne ya faɗi abin da zai iya cikawa.

Yaran da suka zama masu gida

Mafi shaharar yaran OBJ bai taɓa buga minti ɗaya a NBA ba. An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, ya tashi a Zariya, mahaifiyarsa likita 'yar Kenya, mahaifinsa ma'aikacin asibiti. Yana ɗan shekara 13 ya fara ƙwallon kwando a filayen Zariya. Ya tafi Amurka, ya yi shekara biyu a wata ƙaramar kwaleji a Bismarck ta jihar Dakota ta Arewa, ya yi wasa na wasu shekaru a ƙananan ƙungiyoyin Turai, ya ajiye a 2002 ba shi da wani abin kirki a aljihu.

Abin da ya biyo baya sarƙa ce ta mutane, kowa yana miƙa shi ga wani. Wani mai horarwa, David Thorpe, ya gabatar da shi ga kociyoyin jami'o'i. Ya raka wani matashi ɗan Najeriya gwaji a ƙungiyar Orlando, aka ga yana da idon gane ɗan wasa, aka ba shi aikin farautar 'yan wasa ba albashi, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa. Daga nan aka haɗa shi da shugabannin ƙungiyar Denver, suka ɗauke shi da albashi. A 2010 ya zama babban manajan Denver, ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a manyan gasannin Amurka. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon manajoji na shekara, ya koma Toronto, inda ƙungiyar da ya haɗa ta ci kofin NBA a 2019.

Tun 2003, kafin duk wannan ɗaukaka, shi da abokinsa Godwin Owinje, wanda shi ma ya bi ta Bismarck ya ƙarasa Georgetown wajen Thompson, suka kafa Giants of Africa. Suka riƙa buɗe sansanin horo, ɗaya a arewacin Najeriya na zaɓaɓɓun yara 50, ɗaya a kudu na dogaye. Yau ƙungiyar tana aiki a ƙasashe da dama, ta kuma sa wa kanta burin gina filaye 100 a Afirka. Saƙon da Ujiri ke maimaita wa yara shi ne su dubi rayuwarsa: wasan yana da ayyuka da yawa bayan bugawa, akwai koci, alƙalin wasa, mai duba lafiyar 'yan wasa, lauya, ɗan jarida, manaja, kuma kowanne sai da karatu.

Ba shi kaɗai ba ne. Amadou Gallo Fall na Senegal, wanda shi ma wani Ba'amurke ya nema wa gurbi a wata jami'a a Washington inda ya karanta ilimin halittu, ya kafa shirin SEED a 1998, wanda ya zama makarantar kwana a Thiès mai haɗa aji da fili. Shi ne ya zama shugaban gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka, wadda aka fara a Kigali a 2021. Ta ɓangaren Sudan kuwa, zaren ya koma hannun Manute Bol. Lokacin da yake Masar, ya koya wa 'ya'yan wani gidan 'yan gudun hijira daga Wau ƙwallon kwando. Ɗaya daga cikinsu, Luol Deng, ya bi ta Landan, ya je makarantar Blair a Amurka yana ɗan shekara 14, ya yi shekara ɗaya a Jami'ar Duke, ya shiga NBA a 2004. A 2019 ya zama shugaban hukumar ƙwallon kwando ta Sudan ta Kudu, yana kashe kuɗinsa a kanta, ya ɗauko abokin makarantarsa na Blair, Royal Ivey, ya ba shi aikin koci. Ƙasar da ta sami 'yanci a 2011 ta je gasar kofin duniya a 2023 da wasannin Olamfik na Faris a 2024, mafi yawan 'yan wasanta 'ya'yan hijira ne da suka tashi a ƙasashen wasu.

Abin da Jazira ta riga ta sani

Bahaushen Jazira da gaɓar Shuɗin Nilu a Sudan ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan wannan tsari, don da irinsa kakanninsa suka iso. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925, aikin audugar Jazira ya buɗe, alhazan ƙasa da masu hijira suka riƙa tsayawa neman guzuri, da yawa suka zauna ke nan. Baƙo bai taɓa samun aiki a gonar auduga da ƙarfinsa kaɗai ba. Wajen mai masauki yake sauka, shi zai ba shi ɗaki, ya tsaya masa gaban mai gona, ya ce na san shi. Kocin ƙwarai mai masauki ne na wannan zamani, kuma kamar yadda aka san na kirki da macuci a hanyar hajji, haka ake gane su a nan: na kirki yana nan bayan an gama cinikin.

Rufa'a, wani gari a gaɓar Shuɗin Nilu, ita ma tana da nata misalin na mutumin da ya zauna ya yi reno. A 1907 Babikir Badri, tsohon mayaƙin Mahadi, ya buɗe makarantar 'yan mata a gidansa a wannan gari da yara 17, 'ya'yansa da na maƙwabta, mutane suna masa kallon wanda ya zautu. Daga wannan zaure aka sami Jami'ar Ahfad ta mata da ke Omdurman. Bai ɗauki yarinya ɗaya mai hazaƙa ya kai ta Alƙahira ba. Ya kafa wurin da ɗaruruwa za su bi. Darasin Samaru ke nan, an riga an rubuta shi a gaɓar Nilu shekaru da yawa kafin OBJ ya taka Zariya.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya ci Wad Madani, babban birnin Jazira, a Disambar shekarar, ya bazu garuruwa da ƙauyukan Jazira, makarantu suka rufe, Jami'ar Jazira ta tarwatse, har zuwa Janairun 2025 da sojoji suka karɓe birnin. Yaran kambo, wato unguwannin 'yan ƙwadagon gona, waɗanda dama can makaranta ta yi musu ƙaranci, su suka fi shan wuya. Ba wanda zai ce ƙwallo ce maganin wannan. Amma idan aka zo sake gina makarantu, fili na siminti da ƙarfe biyu ba shi da tsada, ba ya cin wuri, yara mata ma suna iya wasa a cikin katangar makaranta iyaye hankalinsu kwance. Wanda ke shakkar inda 'yan mata za su iya kaiwa ya dubi ƙungiyar matan Najeriya, wadda ta ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025. Malamin da ya ce ba mai shiga fili sai ya nuna ya halarci aji, ya sami igiyar da zai jawo yaron da ya yi shekara biyu ba allo ba alli.

Ga iyaye a Rufa'a, Mai Wurno, Zariya ko Maraɗi, duk ranar da wani ya zo ya ce ɗansu dogo ne, zai kai shi waje, tambayoyin da suka dace ba su da yawa. Wace makaranta ce, kuma wa ya taɓa gamawa a cikinta? Wa zai biya idan yaron ya karye? Shekarun da ke fasfo nasa ne? Sannan a ce masa ya lissafo yaransa na baya, ba wanda ya yi suna ba, sauran da ba su kai ba, ya faɗi inda kowannensu yake aiki yau. Kocin da ya yi renon gaskiya zai amsa wannan ba tare da ya duba takarda ba.